Wandon Kakin Baba

Mahaifina bai taɓa zama don ya sa wando ba. Ban taɓa ganin haka da idona ba, wace 'ya ce za ta ga ubanta yana sa wando? Da kunne na sani. Ciki da falo muke haya a wani gida mai yawan ɗakuna a Makera, labule ne kawai ya raba ɗakin iyayenmu da falon da muke kwana. Kowace safiya, kafin jiniyar masaƙa ta yi kuka, sai in ji ɓarrr, ƙafarsa tana keta sitacin da ya manne ƙafar wandon. Sai ɗan tsalle a kan siminti, dif. Sai wani ɓarrr ɗin, sannan ƙarar kan bel. Da wannan nake sanin gari ya waye.

A sashen saƙa yake aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Ya ce a can ba a zama. Daga shigarka har a tashi kana tsaye kana zagaya injuna, idan zare ya tsinke ka ƙulla, idan shugaban aiki ya ganka ka ɗora ɗuwawu a kan wani abu, to ranar ka shiga uku. Ko a ɗakin da suke canza kaya babu benci, kuma ƙasan kullum a jiƙe take, saboda haka kowa ya koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya yana ɗage bakin wando kada ya taɓa ƙasa. Sabon ma'aikaci da ya dafa bango sai a yi ta yi masa dariya har ya daina. Baba yana ba da wannan labari da alfahari, kamar wanda ya je yaƙi ya dawo.

Kakinsa kuwa ba mai taɓa masa, ko Mama. Shi yake wankewa, ya dama sitacin rogo da kauri ya tsoma, ya shanya, ya hura gawayi a dutsen guga ya fitar da kari mai kaifi. In ya gama, wandon nan kana iya jingina shi da bango ya tsaya da kansa. Na taɓa ce masa, “Baba, ai ko ba ka je ba wandon nan zai iya zuwa aiki shi kaɗai.” Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Mama ta harare ni.

Tarin nan da shi muka tashi. Yakan dawo daga aiki da burbushin auduga a gashin kai da gira, har cikin kunne, mu yi ta tsince masa muna wasa. Ba wanda ya yi tunanin wanda ya shiga ta hanci ina yake zuwa. Da farko ranar Litinin ce kawai ƙirjinsa yake ɗaurewa, bayan hutun Lahadi. Daga baya ya zama kowace rana Litinin ce. Ya daina rera waƙa da ƙarfi a coci saboda numfashi ba ya kai shi ƙarshen layi. Tuni asibiti suka gaya masa huhunsa ya lalace, ba warkewa za a yi ba, sai dai lallaɓawa.

Lokacin da sojoji suka koma bariki aka ce farar hula za su karɓi mulki, Baba ya sha rana a layin zaɓe yana haki. Ya dawo da tawada a yatsa yana cewa yanzu masaƙa za ta farfaɗo, auduga za ta dawo, wuta za ta tsaya. Abin da ya biyo baya dai kowa a Kakuri ya sani. Aka rage aikin dare, aka rage na rana, wata safiya aka tara su aka ce kowa ya je gida ya huta, in abubuwa sun daidaita za a neme su. Kalmar nan ta “za a neme ku” ita Baba ya riƙe da hannu biyu. Kullum sai ya yi wanka ya shirya ya tafi bakin ƙofar masaƙa, inda tsofaffin ma'aikata suke taruwa a gindin bishiya suna sauraron rediyo suna jiran labari. Mama ma ba ta daina kai kaskon ƙosanta wurin ba, ko da yake masu cin bashi sun fi masu saye yawa. Tun da asuba take fita. Ƙannena sun watse neman na kansu, ni ce na rage a gida, ina koyarwa a wata 'yar makarantar firamare a Sabon Tasha.

A wannan lokacin na fara lura da bango. Daga ƙofar ɗakinmu zuwa banɗaki akwai dogon lungu, sai na ga wani layin datti ya fito a jikin farar ƙasar, daidai tsayin kafaɗa. Na ɗauka yaran gidan ne, har na yi musu faɗa. Wata safiya na ga Baba yana dawowa daga wanka, bokiti a hannu ɗaya, ɗayan hannun yana bin bangon nan. Bayan haka ya yi tuntuɓe a bakin kwata ya ce takalmi ne. Ya zame a banɗaki ya ƙuje gwiwar hannu ya ce sabulun wani ne. In tari ya kama shi a tsaye, sai ka ga idonsa ya juya ya yi baya-baya kamar an ture shi.

Duk da haka mu hankalinmu yana kan ƙirji. Zuma da citta, lemun tsami, man zafi, tafarnuwa, abin fesawa a baki da asibiti suke bayarwa, duk wanda ya zo gaisuwa da maganin da zai faɗa, kuma duk na ƙirji ne. Ba wanda ya taɓa duban ƙafafunsa. Ni kaina sai ranar da ya naɗe wando yana wanke ƙafa na ga yadda ƙwaurinsa ya tsotse, kamar ba shi ne ya yi shekaru yana tsaye a gaban inji ba.

Ranar ganin likita ni na raka shi, muka ƙetare gada zuwa babban asibiti. Likitan ya saurari ƙirji ya yi rubutu, sai idonsa ya kai kan gwiwar hannun.

“Baba, ka taɓa faɗuwa a 'yan kwanakin nan?”

“Ni? A'a.”

“Ya faɗi,” na ce. “Ba sau ɗaya ba.”

Baba ya juyo ya dube ni irin kallon da yake yi mini ina ƙarama in na sa baki a maganar manya. Ban sunkuyar da kai ba. Ni dama an san ni da baki, kuma a wurinsa na gada. Likitan ya ce mu je sashen gashin ƙashi da motsa jiki a gwada tsayuwarsa.

A hanya Baba yana ta mita. “Na zo da ciwon ƙirji an tura ni wurin masu karaya. Gobe in na zo da ciwon haƙori sai su duba mini dunduniya.”

Wata mata muka samu a can, ba za ta girme ni da yawa ba, mai sanyin murya. Ta gaishe shi da ladabi, ta ɗaura masa wata faffaɗar ɗamara a ƙugu ta riƙe ta baya, ta ce wasa za su yi kaɗan. Ta ce ya zauna a kujera ya harɗe hannuwa a ƙirji ya miƙe ba tare da ya dafa ba. Ya miƙe, amma sai da ya yi lilo gaba da baya tukuna. Ta ce ya taka zuwa wani jan layi a ƙasa ya juyo ya dawo ya zauna. Tafiyar ba laifi. A wurin juyowa ne ƙafafunsa suka harɗe, ya yi 'yan ƙananan taku kamar mai neman wurin ajiye ƙafa a cikin taɓo. Ta ce ya haɗa ƙafafu ya rufe ido. Ina kallo ya fara kaɗawa a hankali, shi kuma bai ma san yana yi ba. Ta ce ya miƙa hannu gaba iyakar iyawarsa kada ya ɗaga ƙafa. Ta ce ya waiwaya ta kafaɗar dama, ya waiwaya ta hagu. Tsakanin kowane gwaji sai ta bar shi ya huta, don hakin ya lafa.

Daga ƙarshe ta ce, “Baba, yanzu ka ɗaga ƙafa ɗaya ka tsaya a kan ɗaya.”

Fuskarsa ta washe. “Yauwa, 'yata, yanzu kika zo gidana. Tun ba a haife ki ba nake wannan.”

Ya gyara tsayuwa ya ɗaga ƙafar hagu. Ko numfashi biyu bai ja ba ya tafi gefe gaba ɗaya, da ba ta riƙe ɗamarar nan ba da sai ƙasa. Ya ce bai shirya ba ne, a sake. Aka sake. Ya ce ƙasan tana da santsi. Ya cire takalmi ya sake gwadawa da ɗaya ƙafar. Bayan karo na ƙarshe ya koma ya zauna yana kallon yatsun ƙafarsa. Na sha ganin Baba cikin ciwo, na ga ranar da aka sallame su daga aiki, amma ban taɓa jin tausayinsa irin na wannan lokacin ba. Sai na kama kallon taga don kada ya ga idona.

Matar ta jawo kujera ta zauna kusa da shi ta yi masa bayani, ba gaggawa. Ta ce ciwon huhu ba a ƙirji kaɗai yake tsayawa ba. Mai haki yana rage tafiya ba tare da ya sani ba, in an rage tafiya naman ƙafa sai ya zube. Kuma naman ciki da na baya da suke riƙe mutum a tsaye, su ne dai suke taya shi jan numfashi, in aikin numfashi ya yi musu yawa sai riƙon ya yi sako-sako. Ga jirin da tari yake kawowa. Ta ce masu irin ciwonsa suna yawan faɗuwa, kuma ƙashinsu ba ya da ƙwari, faɗuwa ɗaya tana iya kwantar da mutum, kwanciya kuwa ita ce babbar abokiyar gabar huhu irin nasa. Ta koya masa motsa jiki da zai riƙa yi yana dafe da tebur. Ta ce a ɗauke tsummokaran ƙasa, a sa kujera a banɗaki, ya riƙa riƙe sanda in zai fita.

Sannan ta ce, “Ka yi haƙuri da tambayar nan, Baba. In za ka sa wando, a zaune kake sawa ko a tsaye?”

Ya dube ta, ya dube ni. A gaban 'yarsa! Ya ce, “Kamar yadda maza suke sawa.”

“To daga yau a zaune. Ka zura ƙafafun duka biyu kana zaune, sannan ka miƙe ka ja. Duk abin da na faɗa, in za ka riƙe ɗaya kawai, ka riƙe wannan.”

A cikin bas muka fara faɗan, ƙasa-ƙasa don kada fasinjoji su ji, muka ƙarasa shi a gida da ƙarfi. Motsa jikin ya karɓa, har yakan yi abinsa in yana ganin ba mai kallo. Kujerar banɗaki ma ya yarda bayan Mama ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Sanda kuwa ya ce sai dai bayan ransa.

“Uwata,” haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, “ki yi tunani. Ranar da za su buɗe ƙofar nan, manaja zai fito ya dubi mutane. Ga mai tsaye da ƙafafunsa, ga mai dogara sanda. Wa zai ɗauka?”

“Baba, wace ƙofa? Ciyawa ta fi ni tsayi a cikin masaƙar nan!”

“Ciyawa ai nomewa ake yi.”

Na so in ce masa ko an buɗe, huhun da zai shiga cikin audugar nan da shi yana ina? Maganar ta zo har bakina na haɗiye. Wannan jiran shi ne abin da yake tashe shi da safe, ban ga abin da zan ba shi a madadinsa ba.

Na je wurin kafinta na sa ya yi mini kujera mai ƙwari, tsayinta daidai gwiwar Baba, mai abin dafawa a gefe. Na ba Mama ta shigar da ita ta ajiye a bakin gado. Washegari da Baba ya fita na leƙa, sai na ga ya ɗora rediyonsa a kai, har da shimfiɗa mata ɗan ƙyalle. Na sauke rediyon. Kashegari ya koma. Haka muka yi ta yi, ba wanda ya ce wa wani uffan. Mama ta yi nata ƙoƙarin, amma Baba ya san lokacin fitarta, sai ya yi kwanciyarsa da zane har ta ɗauki kasko ta tafi sannan ya tashi shiri. Ya san sarai daga ita babu wanda zai iya ɗaga labulen nan.

Sai na koma tsayuwa a bayan labule kowace safiya, da jakar makaranta a kafaɗa, ina sauraro. “Baba, kujera,” nake cewa. Ya ce, “Na ji.” Sannan in ji dif ɗin nan na tsalle, wani lokaci biyu ko uku a jere, wani lokaci da ƙarar gado da ya faɗa wa da gwiwa. Haushi yakan cika ni har in tafi ban yi masa sallama ba. Na yi tunanin in kai ƙararsa wurin fasto, amma da wane baki zan je in ce ubana ba ya zama in zai sa wando? Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne ya ajiye kakin, wasu tsofaffin wanduna masu laushi yake sawa, ƙafa tana wucewa ba gardama.

Wata yamma cikin damina abokinsa ya shigo da sauri ko laima babu. Mutumin Binuwai ne, tare suka shiga masaƙa suna samari, mu Kawu muke ce masa. Tun daga tsakar gida yake magana.

“Mutumina, ya faru! An ce wasu sun saye kamfani. Gobe da safe za su zo su duba tsofaffin hannu. An ce kowa ya zo da yunifom.”

“Wa ya faɗa?” na tambaya.

“Kowa yana faɗa.”

Irin wannan labari ya sha zuwa, amma ba a taɓa haɗawa da maganar kaki ba. Baba ya tashi ya buɗe akwati. Ya wanke wandon a ranar, ya dama sitaci da kaurin da ban taɓa gani ba, ya shanya a kan igiya a falo kusa da murhun gawayi saboda ruwan sama. Hayaƙin ya tayar masa da tari, muka ce ya bari mu yi, ya ƙi. Yana guga yana tsayawa ya dafa tebur ya huta, yana yi yana 'yar waƙarsa ta coci a maƙogwaro. Rabon da in ji shi yana waƙa har na manta. Mama ta dube ni ta girgiza kai, wato kada in ce komai.

Da safe Mama ta fita da wuri, ta ce yau za a yi ciniki. Na tsaya a wurin tsayuwata. Na ji ya sauke wandon daga ƙusa, yadin yana ƙara kamar takarda.

“Baba, don Allah yau kam ka zauna. Wandon nan ya yi tauri.”

“In zauna in karya kari? Je ki, za ki makara.”

“Ba inda za ni sai ka zauna.”

“To kya kwana nan.”

Har da 'yar dariya a muryarsa. Na ji ɓarrr na farko, dogo, ƙafar ta wuce. Na ji ya tsaya yana mayar da numfashi. Sai na biyun ya fara, ɓar, ya tsaya a rabi, ƙafar ta maƙale a cikin sitaci. Dif. Dif. Sai tari ya zo. Daga nan sai wata ƙara mai nauyi, da rediyo da ya faɗo ya tarwatse.

“Baba?”

Sai wani irin nishi.

“Baba!”

“Kada ki shigo,” ya ce. Muryar kamar ba tasa ba. “Kada ki shigo, Uwata.”

Na shiga. Yana kwance a tsakanin gado da kujerar, ƙafa ɗaya cikin wando, ɗayar ta tsaya a gwiwar wandon, kuma ta juya waje yadda ƙafar mutum ba ta juyawa. Ba ƙugunsa ya riƙe ba. Hannunsa yana can yana laluben zanen gado yana ja don ya rufe jikinsa. Na ja zanen na lulluɓe shi, na kwarma ihu, mazan gidan suka shigo.

A asibiti suka sa almakashi suka tsarge ƙafar wandon tun daga ƙasa har ƙugu kafin su iya cire shi. Wata nas ta dunƙule shi ta miƙo mini. Hoto ya nuna ƙashin cinya ya karye ta can sama wajen ƙugu. Likitoci suka ce aiki ya kamata a yi, amma suna tsoron huhunsa ba zai ɗauki maganin barci ba, sai an ga numfashin ya ɗan daidaita. Suka ɗaure ƙafar da igiya da wani ƙarfe mai nauyi yana reto a ƙarshen gado, suka ce kada ya motsa. Numfashin kuwa bai daidaita ba. Kullum ƙirjin ƙara cika yake, zazzaɓi ya shigo, aka jawo tukunyar iska aka sa masa roba a hanci.

Kawu ya zo da yamma a ranar farko, har lokacin da kakinsa a jiki. Ya tsaya a bakin gado yana murza hula. Baba ya buɗe ido ya dube shi daga sama har ƙasa.

“Sun zo?”

Kawu ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

“Ba su zo ba, mutumina. Mun tsaya har rana ta yi tsaka. Maigadi ya ce shi bai ji komai ba. Ƙofa yana nan a kulle.”

Na zaci abin zai karya masa zuciya. Sai na ga ya sauke ajiyar zuciya, ya gyara kai a kan matashi.

“To, ban makara ba ke nan.”

Kawu ya fita waje da sauri, na ji shi yana fyace hanci a baranda.

Matar sashen gashi ta zo zagayen ɗakin marasa lafiya ta same shi. Ta gane shi nan take. Na jira in ji ta ce ai na faɗa maka, don ni da ni ce da na faɗa. Ba ta ce ba. Ta gaishe shi, ta koya masa yadda zai riƙa hura iska a hankali ta tsukakken baki, ta nuna mini yadda zan riƙa bubbuga masa gefen ƙirji don majina ta taso. Da za ta tafi ya riƙo bakin rigarta.

“'Yata, ki roƙa mini su. Su bar ni in zauna. Ko kaɗan ne.”

Kwanciyar tana shaƙe shi. Ta tattara matasai ta tokare masa baya iyakar abin da igiyar ƙafar ta yarda, amma ba zama ba ne, jingina ce. Daga ranar ba shi da wani roƙo sai wannan. Duk wanda ya zo dubiya, fasto ne ko maƙwabci, sai ya ce a taimaka a zaunar da shi. Mama takan hau gadon ta zauna a bayansa ta rungume shi ta ƙirji, ya jingina da ita, ta yi ta zama a haka har ƙafafunta su mutu. A haka ya cika, wata ranar Laraba da hantsi, ana ruwa.

Sau ɗaya ya tambaye ni wandon. Na ce yana gida. Ya ce kada a ninke shi, a rataye. Na ce to.

Har yau in na tuna ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba. Kujerar nan tana kusa da shi, ko hannu ya miƙa zai taɓa ta. Wani lokaci kuma in ce da ya zauna a ranar, da a wurinsa ya amsa ke nan cewa ba za a sake kiransa ba. Ban san wanne ya fi ba. Abin da na sani shi ne ina kewarsa, kuma masaƙar ba ta buɗe ba har yau.

Da aka zo maganar kayan da za a sa masa a akwati, dangi suka ce babbar rigarsa ta Kirsimeti. Mama ta ce a'a, kakinsa. Ba wanda ya yi mata musu. Na ɗauko wandon na zauna a kan kujerar nan na ɗinke tsagar da zare da allura, ƙanana-ƙananan ɗinki ta ciki yadda ba za a gani ba. Na wanke, na dama sitacin rogo da kauri kamar yadda na ga yana yi, na hura gawayi na fitar da kari. Karon farko ke nan da wani ya wanke masa shi ya goge.

Ranar jana'iza muka kai kayan ɗakin ajiye gawa. Maza ne suke shiga shirya namiji, saboda haka Kawu ya karɓi kayan daga hannuna ya shiga tare da ƙanena da ma'aikacin wurin. Ni da Mama muka tsaya a baranda. Ƙofar ba ta rufuwa sosai, wani koren labule ne a bakinta. Na ji ma'aikacin yana cewa wannan wando ai ya manne, ƙafa ba za ta shiga ba. Na ji Kawu ya ce, “Kawo, na san yadda ake yi.” Ya zura hannu.

Ɓarrr.

Sai na tsinci kaina na miƙe tsaye sosai, na kasa kunne, ina jiran in ji dif a kan siminti. Ba abin da ya biyo baya sai ɓarrr na biyu, sannan can an jima, ƙarar kan bel.